Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta: Tarihin Ɗan Kallo a Ƙasar Gobir

A farkon shekarar 1824 wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya sauka Kano a hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Ya ji labarin damben Hausawa, sai ya sa kuɗi ya nemi a yi masa wasan a ƙofar masaukinsa. A bayanin da ya bari, 'yan damben sun iso da makaɗa biyu da ayarin mahauta, labari kuwa na bazuwa 'yan mata suka bar tuluna a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka ajiye kwanduna, kowa ya sheƙo da gudu. Da jama'a ta yi yawa, mai kula da wasan ya riƙa ɗibar ƙasa yana watsa wa 'yan kallo don su ja da baya, har fili ya buɗe a tsakiya.

Wannan na cikin tsofaffin rubutattun bayanai a kan taron kallon wasa a ƙasar Hausa, kuma a cikinsa akwai matsalar da duk mai gina filin wasa yake fama da ita har yau: ga mutane sun zo da ɗoki, to ina za a sa su, yaya kowa zai gani, yaya kuma za su koma gida lafiya? Shekara ɗari biyu ke nan, an tashi daga watsa ƙasa an koma siminti da waya da 'yan sanda, amma tambayar ba ta sauya ba. A ƙasar Sabon Birni da Isa tambayar ta ƙara nauyi, domin a can taron jama'a kansa ya zama abin da ake yi da fargaba.

Ƙasar da iyaka ta ratsa

Kafin a yi maganar filin wasa a wannan yanki, sai an san ƙasar. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya mai da Alƙalawa babban birnin Gobir, a kwarin Gulbin Rima. Kufan Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. Daga nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, kuma a zamaninsa aka yi taron idin nan na Magami wajen 1788, inda ya tara malaman ƙasarsa, har Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar kyauta ya nemi a sassauta wa talakawa. Alƙalawa ta faɗi hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa suka yi ta sake mazauni suna ci gaba da yaƙi, har Clapperton ɗin nan, a zuwansa na biyu a 1826, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai hari Konya, inda suke zaune a lokacin. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A rabi na biyu na ƙarnin ne wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato. Isa kuwa ta girma ne a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyakar daula, kuma har yau sarautarta Sarkin Gobir ce.

Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka raba ƙasar a takarda, aka kakkafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri da Maraɗi da Madawa suka faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa na Ingila. Iyakar ta raba haraji da kotu da harshen makaranta. Aure da kasuwa da wasa kuwa sun ci gaba da tsallaka ta kamar babu ita, kamar yadda Gulbin Maraɗi yake tsallakowa ya zubo cikin Rima. Saboda haka ɗan kallon wannan yanki ya tashi da misali biyu a gabansa, na Najeriya da na Nijar, kuma kwatanta su shi ne amfanin duba tarihin daga nan.

Dandali

Filin wasa na farko a ƙasar Gobir shi ne dandali, ko ƙofar fada, ko bakin kasuwa ranar da take ci. Ba a gina shi, lokacinsa ake jira. Idan kaka ta yi, an yanke gero an ɗaure damma an cika rumbu, sai kalankuwa da bukukuwa su kankama, 'yan kokawa su kama yawo gari-gari, mahauta su fito da 'yan dambensu. Manomi yana da abin hannu, dare yana da sanyi, farin wata ya isa haske.

Wanda ya dubi taron daga nesa zai ɗauka hargitsi ne, alhali yana da tsari. Jama'a kan yi da'ira: yara a gaba zaune a ƙasa, manya a bayansu, na tsaye a can ƙarshe, don haka kowa yana gani ba tare da an gina tudu ba. Hakimi ko mai gari da dattawa suna da wurinsu a inuwa, zamansu kuwa shi ne tsaron wurin, domin saurayi ba ya ta da rigima a gaban wanda ya san ubansa. Sarkin samari da sarkin fawa su ne masu shirya wasa da raba gardama. Makaɗan kalangu da na ganga suna cikin fili, suna kiran ɗan wasa da takensa, shi kuma ya amsa da kirari. Masu tsire da ƙosai da fura da rake suna kewaye da taron. Ba a biyan kuɗin shiga, amma kuɗi na yawo, domin wanda wasa ya burge yakan tashi ya shiga fili ya yi kari a gaban kowa, maroƙi ya faɗi sunansa da abin da ya bayar.

Abin lura a nan shi ne ɗan kallo yana da aiki a cikin wasan. Shi ke amsa waƙa, shi ke yin kari, shi ke zuga na garinsu. Shaharar Shago a dambe ba ta rabu da waƙoƙin Ɗan Anace ba, waƙoƙin kuma ba su yi nisa ba sai da jama'a ta ɗauke su a baki. Malaman jihadi sun yi rubutu suna sukar wasu kaɗe-kaɗe da cakuɗuwar maza da mata a wuraren taro, kuma wannan suka ta bar tasiri a yadda ake tsara zama. Amma wasan bai mutu ba, tunda damben da Clapperton ya gani a Kano an yi shi ne a ƙarƙashin mulkin daular Sakkwato.

Dandali yana da nasa aibu. Ba shi da iyaka, don haka idan taro ya fi ƙarfin dattawa babu abin da zai tare shi. Ɗan dambe kan ji rauni babu mai duba shi sai mai ɗori. Wanda ya zo a makare kuwa sai ya hau bishiya ko katanga.

Filin da ya zo da allo da alli

Fili mai layi da ma'auni ya shigo Arewa ne ta makarantar boko. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki wasa a matsayin hanyar tarbiyya, don haka Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koyar da wasanni tare da darussa. A can da sauran makarantun Arewa ɗalibai suka koyi wasan fayif, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da hannu a jikin bango, kuma Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwallon ƙafa ta bi ta makarantun midil da barikin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa, daga baya ta isa firamaren ƙauye.

Wannan fili an yi shi ne don ɗan wasa. Ana auna tsawonsa da faɗinsa, a kafa raga, a zuba toka ko farar ƙasa a layi, amma ba a tanadi komai don mai kallo ba, in ban da kujeru 'yan kaɗan da ake fitowa da su daga ofishin hedimasta ranar gasar gidaje don manyan baƙi. Sauran jama'a sai su tsaya a bakin layi cikin rana, ɗalibai masu bulala suna kora su baya. Makaɗi ba shi da gurbi, mai talla kuma korar sa ake yi. Filayen makarantun sakandare na gwamnati a garuruwa irin su Isa da Sabon Birni sun gaji wannan siffa, kuma su ne har yanzu inda ake buga gasar unguwanni da kofin shugaban ƙaramar hukuma da na 'yan siyasa idan zaɓe ya matso.

Manyan makarantu ma haka suka tashi. An fara gasar wasannin jami'o'in Najeriya a Ibadan a 1966, daga baya kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha suka kafa nasu. Sakkwato ta sami jami'a a 1975, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da sauransu, inda 'ya'yan gabashin jihar suke zuwa karatu. Duk da haka wasan makaranta bai zama abin da gari yake rufe shago dominsa ba.

A Amurka labarin ya bi wata hanya. Wasan ƙwallo na farko tsakanin jami'o'i biyu an yi shi ne a 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, daga nan ya rikiɗe ya zama irin ƙwallonsu da ake ɗauka da hannu. Filin Jami'ar Michigan, wanda aka buɗe a 1927, yau yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kusan yawan mazauna garin da yake ciki. Kuɗi da talabijin suna da hannu a wannan girma, amma idan aka dubi abin da ke jawo mutane ranar Asabar za a ga abubuwan da Bagobiri ya sani: ɗalibai makaɗa da mabusa suna zagaya fili, kowace makaranta tana da takenta, iyalai suna zuwa tun da hantsi su gasa nama a wurin ajiye motoci, tsofaffin ɗalibai suna dawowa kowace shekara. Su sun shigar da biki cikin filin makaranta, mu kuwa da makarantar ta zo sai muka bar bikin a waje.

Abin da Nijar ta yi da kokawa

A tsallaken iyaka an gwada wata dabara. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta nemi abin da zai haɗa kan jihohin ƙasar, sai ta ɗauki kokawar gargajiya. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, kuma wanda ya ɗauki takobi shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi. Tun daga nan gasar take zagaya manyan biranen jihohi. A tsarin yanzu kowace jiha daga cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma, su tamanin ke nan, a yi kwanaki ana fafatawa har mutum ɗaya ya rage ba a kayar da shi ba. Sunaye irin su Salma Ɗan Rani da Kadade da Langa-Langa da Bala Haruna, da Isaka Isaka na Doso wanda ya fi kowa yawan ɗaukar takobin, sanannu ne a Sabon Birni kamar yadda suke a Madawa, domin muryar rediyon Nijar ba ta tsayawa a kan iyaka.

Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne ginin. Nijar ta gina filayen kokawa a manyan biranenta, ta sa musu sunayen 'yan wasa: na Maraɗi sunan Kantu, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Siffarsu da'ira ce, rairayi a tsakiya, matakalan zama suna hawa a kewaye. Wato an ɗauki zaman dandali an ɗaga shi sama da siminti. An bar wa makaɗa da mawaƙa irin su Sagalo wurinsu, an bar kirari, an bar masu ban dariya, an bar kari, sai dai yanzu ana sanar da shi ta lasifika. Mata suna zuwa kallo. An ƙara alƙalin wasa da agogo da ma'aikatan lafiya. Gasar ba ta rasa ƙorafi ba, ana gardama a kan hukunci da kan kuɗi da shigar siyasa. Amma filayen suna cika, kuma wanda ya shiga yana jin wurin nasa ne.

Siminti da waya

Najeriya ta bi tafarkin manyan filayen ƙwallo irin na Turai. Filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna ya zo a tsakiyar shekarun 1960. Sakkwato ta gina nata ta sa masa sunan Giginya, don tunawa da wurin da aka gwabza da sojojin Ingila a Maris 1903, kuma nan ne gidan Sokoto United. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya karɓi gasar matasan duniya ta 1999, da kofin Afirka na 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009. Katsina ta gina filin Karkanda, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Dikko.

Kano ta nuna cewa Bahaushe zai cika filin ƙwallo idan ƙungiyar tasa ce. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci kofin lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta kuma yi kusan shekara goma sha biyu ba a ci ta a gida ba a lig. Sai dai wannan soyayya tana da ɗaya fuskar. A Afrilu 2022, a wasa da Katsina United, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili aka farfasa motar baƙi, hukumar lig ta ci tarar Pillars, ta rage mata maki, ta kore ta daga Kano, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗi daga babban rukuni. Mutanen da suka fi kowa son ta su suka jawo mata hukuncin.

Yadda aka gina irin waɗannan filaye yana da nasa laifin. Akan yi rumfa ɗaya mai inuwa don gwamna da manyan baƙi, sauran jama'a a bar su a kan siminti mai zafi, a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40. Akan sa hanyar tsere tsakanin 'yan kallo da fili, a ƙara da waya, har ɗan wasa ya zama ɗan tsito daga nesa. Ƙofofi da yawa ake ginawa amma ɗaya ko biyu ake buɗewa don a tsare kuɗin tikiti. Ruwan sha da makewayi da wurin salla sukan zama abin nema. Mutumin da aka tura ta ƙofa da kulki, ya yi awa uku a rana babu ruwa, ba ya bukatar dogon dalili kafin ya ɗauki dutse.

Duniya ta biya wannan darasi da rayuka. A Hillsborough ta Ingila, ranar 15 ga Afrilu 1989, cunkoso a bayan shingen ƙarfe ya yi sanadin mutuwar mutum 97, abin da ya sa aka cire shingayen aka kuma wajabta kujeru a manyan filayen ƙasar. A Accra, ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, fiye da 120 suka mutu. A Yaounde, a Janairu 2022, mutum takwas suka rasu a turmutsitsin ƙofar filin Olembe. A duka ukun, wurin shiga da fita shi ya ci mutane.

Shekarun tsoro

A ƙasar Sabon Birni da Isa abubuwa biyu suka ƙwace wa fili jama'arsa. Na farko gidan kallon ƙwallo ne, rumfar kwano da janareto da benci, inda da kuɗi kaɗan matashi zai ga Arsenal da Real Madrid a zaune cikin inuwa. Mai gidan kallo ya gane abin da hukumomin wasanni suka manta, cewa ɗan kallo yana son ya zauna, ya gani sosai, ya sami abin sha a kusa.

Na biyu shi ne ta'addancin 'yan bindiga. Tun 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. A ƙarshen Mayu 2020 an kashe fiye da mutum saba'in a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A 2021 gwamnati ta katse layukan waya ta kuma taƙaita cin kasuwannin mako a gabashin jihar, a Disambar shekarar kuma aka ƙona matafiya a cikin mota a hanyar yankin. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A ƙasar da manomi yake biyan kuɗi kafin ya girbe gonarsa, kalankuwa ba ta da wurin zama, kuma yawon 'yan kokawa gari-gari da dare ya zama kasada.

Wani zai ce maganar filin wasa a irin wannan hali rashin sanin ciwon kai ne, kuma yana da hujja: asibiti da makaranta da hanya da tsaro suna gaba. Sai dai a tuna cewa yaron da aka haifa a yankin a 2015 ya yi wayo ne yana ganin taron jana'iza da na rabon tallafi fiye da taron murna. Manyan garuruwan sun cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyuka, samarinsu ba gona ba makaranta. Fili ɗaya a tsakiyar gari, inda ɗan gari da baƙo, Bagobiri da Bafillace, za su zauna benci ɗaya da rana tsaka a gaban dattawa, yana cikin abubuwan da ke riƙe gari kada ya watse.

Abin da tarihi ya nuna za a iya yi

Babu bukatar a jira kwangilar biliyoyi. Filin makarantar sakandare ko na kwaleji ya isa, in dai an gyara shi da tunanin mai kallo.

A fara da rana. Filin ƙwallo na ƙa'ida mita 105 ne a tsawo da 68 a faɗi, kuma ana shimfiɗa shi daga kudu zuwa arewa don kada ranar yamma ta shiga idon mai tsaron gida. Idan haka ne, wurin zaman jama'a ya kasance a gefen yamma, rana a bayansu. Matakala huɗu ko biyar na tubali ko na ƙasa da aka daddale aka shafe da siminti za su ɗauki ɗaruruwan mutane. A dasa layi biyu na dogon yaro a bayansu, cikin 'yan shekaru za su ba da inuwar da rufin kwano ba ya bayarwa, su kuma rage ƙurar hunturu. Kada a sa rata mai faɗi tsakanin jama'a da layi. Ɗan ƙaramin shinge da bai wuce ƙugu ba ya isa, wanda mutum zai iya tsallakewa idan an yi gudu.

Ƙofofi su zama aƙalla huɗu, masu buɗewa waje, kowace da mai tsaronta, kuma kada a sa wa ko ɗaya kwaɗo muddin akwai mutane a ciki. A sayar da tikiti tun da safe a kasuwa da tasha don kada layi ya taru a bakin ƙofa. A buɗe duka ƙofofin kafin a busa tashi.

Lokaci shi ne rabin tsaro. A fara wasa da an sallame La'asar, a gama da sauran rana, yadda na ƙauyukan kusa za su isa gida kafin Magariba. A daidaita manyan wasanni da ranar kasuwa, lokacin da motoci suke tafiya a ayari kuma jami'an tsaro suke kan hanya. Ranar da aka sami labarin motsin 'yan bindiga a ɗage wasan, kuma kowa ya san tun farko wanda ke da ikon ɗagewa.

A mayar da abin da makarantar boko ta kora. A gefe ɗaya na filin a yi da'irar rairayi don kokawa da dambe da langa, a buɗe ranar wasa da su kafin ƙwallo, kamar yadda Nijar ta nuna cewa wasan gargajiya yana zama daram a gini na zamani. A ba makaɗa wurinsu, kowace ƙungiya ta sami takenta. A ware wa masu tsire da ƙosai da zoɓo da fura layi a bayan matakala, su biya ɗan abin da za a share fili da shi. A tanadi randunan ruwa ko famfo mai aiki da hasken rana, da makewayi na maza daban na mata daban, da shimfiɗar salla. Mata da yara su sami ɓangarensu da ƙofarsu, wanda zai sa magidanci ya bar iyalinsa su zo, ya kuma kawar da ƙorafin da malamai suka daɗe suna yi a kan cakuɗuwa.

A kwamitin filin a sa wakilin hakimi da liman da sarkin fawa da shugaban makaranta da shugabannin ƙungiyoyin magoya baya, har da mace ɗaya ko biyu daga masu sana'a. Masu kula da zaman jama'a su zama 'yan unguwa da aka sani da suna, 'yan sanda su tsaya a waje. Duk wasa a sami ma'aikacin lafiya da akwatin magani da abin hawa a shirye. Kuɗin ƙofa kuwa a faɗe shi ta lasifika kafin a watse, a rubuta a allo abin da aka samu da abin da aka kashe. Al'adar kari ta rayu ne domin ana bayarwa a gaban kowa, kuma mutane za su biya naira ɗari da daɗin rai idan sun ga ta koma benci.

Sai suna. Da yawa daga filayen Najeriya sunayen masu mulki suke ɗauka, na kokawar Nijar kuwa sunayen waɗanda suka zubar da gumi a cikinsu. Kowane gari a gabashin Sakkwato yana da tsohon ɗan kokawa ko ɗan dambe ko malamin wasanni da dattawa suke tunawa. A tambaye su tun suna raye, a rubuta sunayen a jikin bangon filin, domin yaran da za su zauna a kan matakalan su san cewa kafin zuwan bindiga ana taruwa a ƙasar nan don kallon wasa.